Ranar da Baba Mai Agogo Ya Kulle Wai-fai

"Tsaya, 'yar nan, kada ki kulle tukuna," in ji Baba Mai Agogo daga kan gado. "Yaran layi fa, ina za su?"

Ina durƙushe gaban rauta, na'urar wai-fai da autarsa ta aiko masa daga ƙasar da take aiki, kwamfuta a kan cinyata. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasa. Tun da asibiti suka sallamo shi da maganin rage zafi kawai, nakan leƙo shi in na taso daga ofis. Ƙanwarsa, wadda duk layin ke kira Gwaggo, ita ke jinyarsa.

Wai-fai ɗin a buɗe yake, ba kalmar sirri. Samari kan jeru a dakalin ƙofar gidan suna kallon ƙwallo a wayoyinsu. In auta ta kira ta bidiyo, sai fuskarta ta daskare, baki buɗe, murya na zuwa guntu-guntu. Da kuka ta roƙe ni in gyara.

"Baba, su ke shanye ƙarfin layin," na ce. "Kuma a buɗen nan, wanda ya iya zai leƙa abin da ke wucewa, har sakamakon asibitin da ake tura wa autarka."

"Me zai gani? Huhun tsoho?" Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Gwaggo ta tallabo shi ta ba shi ruwa.

"Ka cika taurin kai, Yaya," ta ce. "Yarinya na can tana neman fuskarka, kai kana ta 'yan ƙwallo."

Baba ya juyo gare ni.

"To, kulle. Amma a faɗa musu da baki. Ba a rufe wa mutum ƙofa ba sallama."

Na shiga saitin rautar, na canza makullin da ta zo da shi daga kamfani. Na kunna tsarin da ke cakuɗa bayanai, yadda ko an tare su a hanya ba za su karantu ba. Sai na ce ya zaɓi kalmar sirri mai tsawo, da lambobi a ciki.

"Sa sunana."

"Haba Baba, wannan ko akuya ta canka."

Ya yafito ni, ya raɗa min wata zolaya da yake yi wa marigayiya matarsa. Gwaggo ta jiyo, ta kama baki. "Yaya, tsufa bai koya maka kunya ba!"

Na fita na yi wa samarin bayani. Babbansu ya sosa ƙeya. "Anti, ai da an faɗa mana tuntuni." Suka cusa wayoyi a aljihu, amma ba wanda ya tashi daga dakalin.

Da yamma auta ta kira. Hoton ya fito tar.

"Ashe da gaske kin yi ƙiba," in ji Baba. "Na ɗauka na'urar ce ke kumbura ki."

Ta yi dariya tana share hawaye. Ta ɗago jaririnta, ta buɗe masa baki don kakansa ya ga sabon haƙori. Suka yi ta hira har barci ya ɗauke shi. Na miƙa hannu zan kashe, auta ta ce, "Bari, Anti. Jingina min wayar." Na jingina ta da kwalbar magani, ta zauna tana kallonsa yana numfashi.

Haka suka riƙa yi kullum, har wata safiya da Gwaggo ta je ɗora ruwan goge masa jiki. Ko da ta dawo da buta, ya riga ya tafi. Allah ya jiƙansa.

Auta ba ta samu jirgi ba sai bayan an kai shi. Da ta iso, ta gaisa da mutane, ta wuce ɗakinsa, na bi ta da jakarta. Ta zauna a teburin aikinsa, ta ɗauki tabaraunsa mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare. Ta hura masa iska, ta shiga goge shi a hankali da gefen mayafinta.