Hular Barcin Inna

Aikin da malamin ƙere-ƙere ya ba 'yan ajin su Auta shi ne kowa ya haɗa abin da mutum zai sa ya ɗan runtsa a zaune. Ita kuwa ta san wadda za ta yi wa. Tun da ciwo ya kwantar da Baba, Inna ke gyangyaɗi a kujerar roba kusa da gadonsa, wuya a karkace.

Auta ta yanka soso, ta lanƙwasa waya don tallafar wuya, ta ɗinke da baƙin yadi mai laushi. Ta ninka soson a wajen kunnuwa, domin malam ya ce rabin maki na toshe ƙara ne. Ana gobe gwaji ta kawo gida.

"Wannan hular kwanon fa, Auta? Babur zan hau?" in ji Inna.

"Sa ki ji, Inna."

Ta sa, ta jingina, kafaɗunta suka saki. Can sai ta fizge hular a firgice, ta kai kunne bakin Baba.

"Ba na jin numfashinsa, 'yar nan. Allah ya yi miki albarka, amma ɗauke ta."

Auta ta daɗe tana juya hular a cinya. Sannan ta ɗauko almakashi ta huda kunnuwan biyu, soso yana zuba ƙasa. Inna ta mayar da ita, ta sake jingina. Amma ko yaya Baba ya yi tari, sai ta zabura.