Sun Yanke Wilf

Beryl Hardcastle ba ta taɓa son kiɗan yaran nan ba, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Kiɗan injuna ne, ɗin-ɗin, dum-dum, kamar firji ya lalace. Amma ranar da ta ga hotonsu manne a tagar shagon faifai na tsakiyar Sheffield, wai an tattara fitattun waƙoƙin ƙungiyarsu, Glass Trams, a faifai guda, sai ta shiga ta saya, ko kuɗinsa ba ta tambaya ba. Ba don su ta saya ba. Don Wilf ne, mijinta.

Ga yadda aka yi. Can baya, suna tsohon gidansu na Attercliffe, bango ɗaya ne tsakanin ɗakin kwanansu da na Nigel, ɗan maƙwabciyarsu Doreen. Wilf aikin kwana yake yi a masana'antar ƙarfe, da rana yake barci. Su kuwa Nigel da abokansa, da ba su da aiki ba su da kunya, da rana suke kunna injunansu. Wata rana suna cikin ɗaukar waƙa, Wilf ya tashi daga shi sai singileti, ya kwaɗa wa bango takalmi, ya daka tsawa: "Kai Nigel! Ku kashe wannan tsiyar, mutum zai yi barci!"

Na'urarsu ta kwashe tsaf. Maimakon su goge, ja'iran sai suka bar shi a wutsiyar waƙar, kiɗa na tsayawa sai Wilf. Waƙa kuwa ta karɓu, ƙasa duk ta ɗauka. Wilf ya shekara yana cewa zai kai su ƙara, amma kowace Juma'a a mashaya sai ya miƙe ya maimaita tsawar a yi masa tafi.

Da sanyin bara Wilf ya rasu. Graham, ɗansu ɗaya tilo, ya zo daga Leeds da motar kaya, ya mayar da uwar wani ɗan ƙaramin gida na ƙaramar hukuma a hawa na sama, ya share tsohon gidan cikin hutun ƙarshen mako. Akwatin faifai, har da mai tsawar nan a ciki, da garmaho duka ya jibge su a shagon gwanjo na 'yan agaji. "Tarkace ne, Mama, ina za ki sa su?" Kafin ta gane ta bi sawu, an sayar. Hotunan Wilf tana da su. Hularsa tana nan a ƙusa. Murya ce babu, ko ta kalma ɗaya.

To, ta dawo da sabon faifan, ko kwat ba ta cire ba ta zura shi a 'yar na'urar da Graham ya ba ta da Kirsimeti. Ta jure waƙoƙi biyu, ta uku ce ta Wilf. Ta zauna bakin kujera, hannu a gwiwa. Kiɗa ya yi ta tafiya, ya zo kusa da wurin, sai kawai ya fara yin ƙasa, yana yin ƙasa, ya ɓace. Wata waƙa ta ɗauka.

Ta mayar. Haka dai. Ta girgiza na'urar, ta hura faifan, ta goge shi da gefen siket. Haka dai. Sun yanke shi. Mutum ya mutu sau ɗaya bai ishe su ba.

A jikin takardar tagar shagon an ce ranar Asabar 'yan ƙungiyar za su zo su sa wa masoya hannu a faifai. Beryl ta sa kwat ɗinta na zuwa coci, ta hau bas. Layi ya fito har titi, ana yayyafi. Ranta a ɓace yake ƙwarai, amma bai kai ta ga tsallake layi ba, ba haka aka rene ta ba. Ta tsaya a baya cikin ƙattin maza masu furfura da baƙaƙen riguna, kowa rungume da ledarsa kamar jariri. Ba wanda ya ce mata ci kanki.

Da ta iso gaban tebur, ga Nigel nan, ya yi tumbi, gashin nan da yake zubowa rabin fuska duk ya gudu. Bai ɗago ba ya miƙo hannu.

"Wane suna zan rubuta, Mama?"

"Rubuta ɓarawo. Ka san harufansa."

Ya ɗago. "Kai! Maman Graham? Wallahi ke ce! Ina Baba Wilf?"

"Yana maƙabartar City Road. Da ka zo jana'iza da ka sani. Uwarka ma da sandarta ta zo." Ta buga faifan a tebur. "Ina kuka kai shi?"

"Ayya, ban ji ba. Wa muka kai?"

"Kada ka raina mini hankali, ni na share maka majina. Ina tsawar?"

Nigel ya shafa sanƙonsa. "Mama, wannan gajeren ne, wanda ake sawa a rediyo. Kamfani ne ya ce in dai ana so waƙoƙin duka su shiga faifai ɗaya, dole a datse wutsiyar kowace."

"Wutsiya. Mijin nawa ne wutsiya?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Kun samu wurin sa wannan ta bakwai mai kama da kukan kyanwa a rariya, amma wurin numfashi guda na mutum ya gagara? Ka mayar da shi."

"An riga an buga dubbai, Mama. Asalin tef ɗin ma yana hannun kamfani a London, ni kaina sai na nemi izini."

Wani daga cikin layi, da ya gane zancen, ya ɗaga murya: "Ku kashe wannan tsiyar!" Sauran suka amsa baki ɗaya, kamar yadda suka saba a wurin wasa: "Mutum zai yi barci!" Aka bushe da dariya, har da tafi. Su a ganinsu karrama ta suka yi.

Beryl ta juyo ta kalle su ɗaya bayan ɗaya har dariyar ta mutu. "Ba haka ya faɗa ba," in ji ta. "Ko kusa."

Ta bar musu faifan a tebur ta fita. Tana tsaye a tashar bas, sai ga wani siririn mutum mai tabarau, wanda yake bayanta a layi, ya biyo ta da ledarsa.

"Mama, yi haƙuri. Sunana Clive. Ina da shi, dogon, bugun farko." Ya zaro babban faifan, irin na da, yana sheƙi cikin ledarsa ta kamfani.

Hannunta ya tafi da kansa. Clive ya ja baya.

"A'a, ba a taɓawa. Ba a taɓa buɗe shi ba, allura ba ta taɓa hawa kansa ba. In aka farke ledar nan, shi ke nan, ya zama kamar na kowa."

"To me kake yi da shi?"

"Ina da shi," in ji Clive.

"Ka ji shi kuwa?"

"A da, a wurin abokai."

"Ɗan nan, kana da mata?"

"A'a."

"Ai na gani. Ka kulle mini miji a leda shekara da shekaru, ka biyo ni cikin ruwa don ka nuna mini ledar? Allah ya shirye ka." Bas ya tsaya. Tana hawa ta jefa masa sunan ginin da take zaune da lambar ƙofa, ba don ta sa rai ba, don dai kada ya ce bai sani ba.

Lahadi ta zo, Graham ya bugo waya kamar kullum, ya tambayi magani da na'urar ɗumama ɗaki. Ba ta gaya masa komai ba. Litinin ta wuce, Talata ta wuce, ba wanda ya ƙwanƙwasa sai mai karanta mita.

Ranar Laraba da hantsi Clive ya bayyana, yana haki, da garmaho a hammata da rikoda a hannu, don lif ɗin hawa bene ya lalace. Ta dafa shayi, ta fito da biskit ɗin baƙi. Ya daɗe yana juya faifan, sannan ya nemi wuƙa. Ta miƙa masa ta yankan burodi, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya zaro reza daga aljihu ya tsaga gefen ledar a hankali kamar likita.

"Sau ɗaya kawai, Mama. Zan kwafe miki a kaset."

"Sa, ka daina surutu."

Waƙar ta fi yadda ta tuna tsawo, ta kuma fi muni. Sai kiɗa ya tsaya cak. Takalmi ya daki bango. "Kai Nigel! Ku kashe wannan tsiyar, mutum zai yi barci!"

Muryar ta fi wadda ta binne ƙarfi, ba tari a cikinta. Mutum ne mai sauran ƙwari, da masifarsa cikakkiya. Beryl ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ji shi. Kullum faɗa."

Clive ya mayar da faifansa, ya sha rabin shayin, ya bar mata kaset da rikodar aro. A bakin ƙofa ya tsaya kamar zai ce wani abu, sai ya ce ruwa zai sauko, ya tafi.

Gida ya koma shiru. Kofi biyu a tebur, ɗaya da sauran shayi. Za ta iya gudu da kaset ɗin zuwa ƙarshe ta ji shi kai tsaye, amma ba ta yi ba. Wilf bai taɓa yin tsawa ba gaira ba dalili ba. Ta mayar da shi farko, ta murɗa ƙarar har ƙurya, tagogi na rawa, ta zauna tana fuskantar bango, ta jure kiɗan injuna tun daga kansa, tana jira ya tashi.