Asta Ta Ce A Kai Ta Gida

A tashar Achida Asta ta faɗi maganar. Suna dawowa ne daga Sakkwato, inda ake yi mata wankin ƙoda, direba ya tsaya ɗaukar fasinja. Ta jingina kai da gilashin mota, ta ce da mijinta a hankali, "Malam, daga wanga zuwa ba ni komawa."

Isma'ila manomin albasa ne a fadamar Wurno. Ya auro Asta daga rugar iyayenta kusa da Rabah tun suna da ƙuruciya, bai kuma ƙara aure ba. 'Yarsu ɗaya, Mashkura, tana aure a Goronyo.

"Mi ya kawo wagga magana?" ya tambaye ta.

"Na gaji. In anka ɗora ni bisa injin nan, ji nikai kamar ana tatsar raina. In dawo gida in kwanta, kahin in warware lokacin komawa ya yi. Ka bar ni in zauna ɗakina."

Ya ɗauka gajiyar hanya ce. Amma da ranar komawa ta zo, ta ƙi ɗaura zane. Ya roƙe ta, ya yi mata faɗa, ya kira Mashkura ta zo ta yi kuka. A ƙarshe Asta ta yarda su je, amma don ta yi magana da likita da bakinta.

Likitan bai ɓoye musu komai ba. Ya ce injin ba warkar da ita yake yi ba, kwana kawai yake ƙara mata, ga zuciyarta ta yi rauni ƙwarai. In ta daina, ba za ta daɗe ba. Abin da zai iya yi shi ne ya rubuta maganin da zai hana ta jin zafi da sarƙewar numfashi, wata nas ta riƙa zuwa gida tana duba ta.

Isma'ila bai samu natsuwa ba sai da ya je wurin limamin unguwarsu. Liman ya saurare shi, ya ce barin maganin da ba ya warkarwa ba kashe kai ba ne, abin da aka hana shi ne a ba ta abin da zai ɗauke ranta. Isma'ila ya koma gida ya gaya wa Asta. Ta yi murmushin da ya daɗe bai gani ba.

Nas ɗin, wata mata mai suna Adawiyya, takan zo da safe ta yi mata allura. Asta ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, inda take kallon awakinta. Ta raba tukwanenta da zannuwanta, ta nemi gafarar maƙwabta. Daga baya barci ya riƙa cin ƙarfinta. Ta rasu wata rana da hantsi, Mashkura na riƙe da kanta, Isma'ila na laƙƙana mata kalmar shahada.

A zaman makoki ne wan Asta, Yusha'u, wanda ya zo daga ruga, ya ce a gaban mutane, "Allura ta ƙarasa ta. Da an bar ta asibiti, da yanzu tana nan." Aka ba shi haƙuri, ya tashi ya tafi bai yi sallama ba. Maganar ta zauna wa Isma'ila a ƙirji.

Mutane suka watse. Mashkura ta koma gidan mijinta. Da farko maƙwabta na aiko da tuwo, sannan kwanukan suka ragu, har ya zama sai ranar da aka tuna. Isma'ila ya shiga madafa, ya rasa inda Asta take ajiye gishiri. In ya dafa shinkafa sai ya auna ta mutum biyu, ragowar ta kwana ta lalace, ya zuba wa kaji. Ya sayi rediyo don gidan ya samu murya, amma in aka faɗi wani labari sai ya juya zai gaya mata. A ranakun da suka saba zuwa Sakkwato yakan shirya da wuri, har ya sa hula, sannan ya tuna. Sai ya zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa.

Abokansa na masallaci suka fara yi masa maganar aure. Ya ce su dakata. Wasu kuma, in ya wuce, sai hira ta tsaya, ya san maganar allurar ce.

Da aka gama cire albasa, ya hau mota zuwa Rabah neman Yusha'u. Aka ce ya tashi da shanu wajen madatsar ruwa ta Goronyo. Ya bi shi can, ya same shi a bakin ruwa, shanu na sha.

Bayan gaisuwa Isma'ila ya ce, "Yaya, na taho in gaya maka yadda abin ya kasance. Ita ta roƙa a daina wankin ƙodar. Ni na hana, ta ƙi. Allurar ta rage zahi ce, ba ta kashe mutum."

Yusha'u ya juya wajen shanunsa ya ce, "Ta sha wuya wurin hitar rai?"

"A'a. Kamar barci."

"Ta ambace ni?"

"Ta ce a gaishe ka. Ta ce tun tana yarinya kai ka goya ta in za a ƙetare gulbi."

Yusha'u ya ja rawani ya rufe baki. Sannan ya ce, "Da ka aiko an kira ni tun tana numfashi."

"An aika, ba a iske ka ba."

Yusha'u bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Ya dai raka Isma'ila har bakin hanya.

Isma'ila ya biya gidan Mashkura. Ta ce, "Baba, ka dawo nan wurinmu. Akwai ɗaki. Zaman mi za ka yi can kai ɗai?"

"Awakin Innarki fa? Ga gona."

"A saida awakin."

"Ba yanzu ba," ya ce.

Ya iso Wurno bayan la'asar. Ya buɗe ƙofar zaure, ya yi sallama da ƙarfi kamar yadda ya saba tun ranar da aka kawo Asta gidan. Ya tsaya yana jira. Wata akuya ta yi kuka daga turke. Ya ajiye jakarsa, ya ɗauki bokiti ya nufi rijiya.