Jakar da Ya Tsiyaye

Kwana shida da cire wa matarsa maɗaciya, cikinta bai daina ciwo ba. Tsohon hedimastan, wanda ya shekara talatin yana kama masu ƙaryar ciwon ciki, ya yanke hukunci tun kwana na biyu: raki ne. Haka ya gaya wa likita, a gabanta. Ita dai ta juya fuska bango.

Da zazzaɓi ya rufe ta, aka tura su ɗakin hoton nukiliya a ƙasan bene. Mai ɗaukar hoton, wata mace marar dogon zance, ta ce za ta yi mata allurar wani sinadari da na'ura kaɗai ke gani. Hanta za ta kwashe shi ta zuba a ruwan maɗaciya, su kuma su bi sawunsa. In ya gangara hanji, lafiya lau. In ya ɓulla wani wuri, to akwai inda ke yoyo a ciki.

Awa guda matar na kwance ƙarƙashin na'urar ba motsi, hoton bai ce komai ba. Aka ce su dawo bayan awa uku, kuma kada a taɓa jakar robar da ke rataye a gefenta, wadda bututu ke tsiyayo wa ruwa daga wurin aikin. Hedimastan ya gyaɗa kai irin na wanda ya saba shi ke ba da umarni.

A ɗakin jinya ya ga jakar ta cika da wani ruwa kore-kore, ga 'yan dubiya na tafe. Shi kuwa mutum ne mai tsabta. Ya tsiyaye ta tas a kwano, ya zubar a banɗaki.

Da suka koma, mai hoton ta ɗaga jakar wayam, ta dube shi.

"Baba, amsar da muke jira ce ka zubar."

Ya fara bayani, ba ta saurara ba. Ta shimfiɗa jakar da bututun ƙarƙashin na'ura. Ɗan sinadarin da ya yoyo ya maƙale a ciki ya fito a allo, siriri kamar zare. Ta kira likitan tiyata, ta ce yanzu, ba anjima ba.

Ana tura gadon matarsa zuwa ɗakin tiyata yana biye, riƙe da takalmanta. Ya ce mata sannu. Ta buɗe ido da ƙyar.

"Malam, ka ga rakin nawa a allo?"

Aka rufe ƙofa, aka bar shi da takalman.