Gwangwanin Ƙarƙashin Gada

Tana durƙushe a gindin 'yar gadar katako, hannunta na hagu cikin wani rami tsakanin duwatsu, sai ta ji kira daga sama.

"Mama!"

Ba ta ɗago ba. Muryar babban ɗanta ce, kuma ta san abin da ya kawo shi. Ta ƙara tura hannu, ta shafo laka da ruɓaɓɓen ganye.

"Mama, da ke fa nake. Me kike yi a cikin kwata?"

"Ba kwata ba ce, rafi ne. Matsa, ka tare min haske."

Ya gangaro da takalmansa na ofis, yana zamewa yana kama ciyawa. A bakin hanya kekenta na jingine da bishiya, sarƙar da ya ɗaure shi da ita tana cikin kwandon gaba, an raba ta biyu.

Tun da idanunta suka gaji da zare da allura ta rufe shagon ɗinki, ta shiga wannan wasa. Wasu mutane da ba ta taɓa gani ba ne ke ɓoye ƙananan gwangwanaye a lungunan lambun shaƙatawa na birnin, su sa alamar wurin a taswirar waya. Taswira ta kai ka kusa, sauran aikin na ido ne da hannu. In ka samu, ka ɗauki ɗan abin da ke ciki, ka bar naka, ka mayar yadda ka tarar. Ita maɓallan riga take bari, manya masu ƙyalli da suka rage mata daga shago, shi ya sa 'yan wasan ke kiranta Mai Maɓalli.

Watan jiya tayar gaban kekenta ta zame a kan tsakuwa, ta faɗi, ƙashin wuyan hannunta na dama ya tsage. Ranar da aka kwance ɗorin, ɗan nata ya zo da sarƙa da kwaɗo ya ɗaure keken a ƙarfen matakala. Ya ce an gyara mata ɗaki a gidansa, ƙarshen wata za ta koma can.

"Wa ya yanke miki sarƙar?" ya tambaya.

"Mai waldan ƙasan benenmu. Ya ce in gaya maka an cuce ka, ƙarfen banza ne."

"Mama, ba wasa nake ba."

"Ni wasa nake, ka katse min." Ta zaro hannu ta goge a zaninta, ta dube shi da kyau. "Tsaya tukuna. Lambun nan da girmansa, yaya aka yi ka zo kai tsaye inda nake?"

Ya kau da kai ya hau kallon ruwa. Can ya ce ya sa wani abu a wayarta lokacin da take asibiti, don ya riƙa sanin inda take.

Ta yi wata 'yar dariya mai ɗaci. "Ashe ni ma gwangwani ce a taswirarka."

"Don lafiyarki na yi. Tashi mu tafi, mota na bakin ƙofa. In wannan tarkacen ne ya hana ki, bari in ciro miki."

Har ya fara naɗe hannun riga.

"Kada ka taɓa. In kai ka ciro, kai ka samu."

Ta sake leƙa ramin. Yanzu ta gane: daga ciki ya karkata ne, hannun hagu ba zai taɓa kaiwa ba. Ta kalli na damanta, siriri, fatar duk ta koɗe. Ta kwanta a gefenta cikin laka ta tura shi har gwiwar hannu. Zafi ya tsarga mata zuwa kafaɗa, ta cije leɓe, yatsunta suka taɓa wani abu mai santsi. Sau biyu yana suɓucewa. A na uku ta jawo shi.

Ɗan gwangwanin shayi ne, an naɗe shi da baƙar roba. A ciki akwai usur na yara da wani farin dutse mai kama da ƙwai. Ta ɗauki usur, ta jefa jan maɓalli. Da ta zo rufewa da hannun dama, murfin ya ƙi zama. Tana jin idonsa a kanta. Ta matse gwangwanin tsakanin gwiwoyinta, ta danna da tafin hagu, ta mayar da shi raminsa.

"Ranar da aka kira ni daga asibiti," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa, "ban san yadda na tuƙa motar ba. Na ɗauka shi ke nan."

Laka na ɗiga daga gefen ɗankwalinta.

"Na sani, ɗana. Kuma wataƙila in sake faɗuwa. Amma a gidanka me zan yi? A zaunar da ni gaban talabijin, matarka ta riƙa tambayata ko na sha magani, har ranar da za a ɗauke ni? Na yi shekaru ina kallon bango ɗaya a shago. Ya ishe ni."

"To ni yaya kike so in yi?"

"Ɗakin nan ka ba yara su yi karatu a ciki. Abin da ka sa a wayata kuma ka bar shi. In na faɗi, ka san inda za ka tsince ni."

Ta hau gangaren da rarrafe, ba ta karɓi hannun da ya miƙo ba. Ta ciro guntayen sarƙar daga kwando ta damƙa masa, ta gwada birki da hagu, ta ɗora ƙafa a kan feda. Keken ya yi tangal-tangal. Nan take ya kai hannu ya kama sirdin.

Ta waiwayo ta kalli hannun, sannan ta kalle shi.

"Akwai saura ɗaya a bayan tafki," ta ce. "In za ka zo, ka zo. Amma sakar min keke."

Ya saki yatsa ɗaya-ɗaya. Ta taka, tayar gaba ta karkata, ta miƙe. Ya tsaya da sarƙa a hannu yana kallonta har ta kusa kwana, sannan ya bi ta a ƙafa, takalmansa na ƙara saboda ruwan da suka sha.