Tayin Farko

Sadisu na goge takalminsa da hankici a cikin danfo, motar haya mai zuwa Apapa, yana bitar karatun da Kawu Talle ya ɗora masa bayan sallar asuba. Kawu Talle dillalin shanu ne a Oko-Oba. Shi ya riƙe Sadisu tun rasuwar mahaifinsa har ya gama difloma, kuma bai taɓa shiga wani ofis ba sai na 'yan sanda, shi ma beli ya je yi.

"Ko bajimi ne ko ɗan adam, ciniki ɗaya ne," in ji Kawu. "Ba a sallamawa a tayin farko. Ka ce albarka, ka tashi ka tafi a hankali. Mai so shi zai kira ka."

Tun da soja suka koma bariki, wani kamfanin shigo da kaya ya fara ɗaukar matasa yana horar da su, sannan ya tura su waje karatun gudanar da kasuwancin ƙasa da ƙasa. Wannan karatu Sadisu yake kwana da shi yake tashi da shi, har masu shayin unguwarsu ta Agege suna kiransa Oga Intanashinal. Gurbi ɗaya ya rage, kuma yau ce ganawar ƙarshe.

Da ya isa kamfanin, manajar, wata Bayarabiya mai tabarau, ta yi masa tambayoyi da Turanci, ya amsa. Ta juya Yarabanci, ya bi ta. Har Faransancin da ya tsinta wajen maƙwabta 'yan Nijar ya zube mata. Ta cire tabarau ta yi murmushi.

"Mun ɗauke ka," ta ce, sannan ta faɗi albashin horo.

Wallahi ya zarce abin da Sadisu ya yi mafarki. Daɗi ya kama shi. Amma ɗan gidan dillali ne, sai ya ɗaure fuska.

"Madam, ya yi kaɗan."

"Haka muke ba kowa."

"To, Allah Ya haɗa kowa da rabonsa."

Ya miƙe ya nufi ƙofa kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Shiru. A kan matakala ya tsaya gyara igiyar takalmi, alhali takalmin ba shi da igiya. Shiru dai. Da ya kai bakin get, maigadin, wani Bazabarme, ya dube shi da tausayi.

"Malam, ƙafa ce ke ciwo?"

"A'a. Ba ka ji an kira ni ba?"

"Ni dai ban ji ba."

Sadisu ya sayi ruwan leda, ya sha a hankali, kunnensa na sama. Nan tsoro ya shige shi. Ya yar da ledar ya hau benen da gudu. Ta ƙofar ofishin ya hango wata yarinya da ke bayansa a layin ganawa ɗazu, ta durƙusa tana godiya.

"Madam ta ce kai ka ce ya yi kaɗan," in ji sakatare, ko ɗago kai bai yi ba.

Da la'asar ya iske Kawu a ƙofar gida yana cin goro. Ya kwashe labari ya faɗa masa.

"Tsaya," in ji Kawu. "Komawa ka yi?"

"Na koma, Kawu."

"Ash! Wa ya ce maka mai kaya yana komawa? Ai ka karya farashinka da kanka." Ya ƙara gatsar goro. "Amma ba komai. Dabara ce, yarinyar 'yar tayin bogi ce suka ajiye don su tsorata ka. Mu ma muna yi."

"Kawu, sun ɗauke ta."

"Kai dai yaro ne."

Ya leƙa cikin gida ya ce wa matarsa Saratu a share zaure, a fito da sabuwar tabarma. Sannan ya juyo.

"Gobe kada ka fita ko'ina. In sun zo, ka bar ni da su."