Filashin a Shagon Badruddeen

Wayata ta fara sandarewa, sai na hau mota daga Durun na kai ta shagon Badruddeen mai gyara a Gwarzo. Ya jujjuya ta ya ce, "Hajiya, manhajar ce ta rikice. Sai an yi mata filashin."

Ni filashin ɗin da na sani shi ne ka kira mutum, wayarsa ta yi ƙara, ka katse. Na ce, "To yi mata mana, Malam."

Ya jona ta da kwamfutarsa, ya koma musu da abokansa da ke kan benci. Wannan ya ce Android kayan talaka ne, wancan ya ce intanet ba abin da take yi sai lalata yara. Suna ta dariya.

Da ya miƙo min wayar, na nemi saƙonnin muryar mijina Ɗalha, wanda ya rasu bara. Babu ko ɗaya, har wanda yake cewa in ajiye masa tuwo, yana hanya.

Na ce, "Ina muryar maigidana?"

Ya ce, "Ai filashin shafe komai yake yi. Ba ki adana su a intanet ba? Kowa ya san wannan."

Kowa! Yana da bakin musu, amma ba shi da bakin yi min bayani. Na fito, ya ɗaga murya: "Amma fa yanzu ta fi sauri!"

Ta fi sauri mana, tunda ba kowa a cikinta.